Yayen da Muka Yi Don Tsoron Jirgi

Har yau in na ga mace za ta shiga mota da goyo a bayanta sai na tsayar da ita, na san ta ko ban san ta ba. Nakan ce mata, “Kwance shi ki rungume ga gaba.” Wasu su kwance, wasu su dube ni sheƙeƙe su ce tsohuwar nan ta cika shisshigi. To, na cika. Ga dalilina nan, zan faɗe shi yadda ya faru, mai ɗauka ya ɗauka.

A ƙarshe-ƙarshen mulkin Turawa ne, lokacin da mutanenmu suka fara zuwa Hajji ta jirgin sama daga Kano. Ni ’yar Shagari ce, Balki sunana, aure ya kawo ni Boɗinga. Maigidana, wanda nake kira Malam, fataucin albasa yake yi. Yakan saya a fadamun Danchadi ya loda wa mota zuwa kudu. Kasuwa ta yi masa kyau shekaru a jere, sai ya ce bana zai sauke farali, kuma ƙafarsa ƙafata.

’Ya ɗaya gare mu a lokacin, ita ce ta farina, ba ta cika shekara biyu ba, tana kan nono. Ba zan ambaci sunanta yanzu ba. A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi. Kunya ce, haka muka tashi muka tarar. “Ke” nake ce mata, in kuma ina maganarta da wani in ce “wagga”. Yarinya ce mai son sauti. Da ta ji mata sun fara luguden daka, ko daga bayan katanga ne, sai ta yar da abin da ke hannunta ta miƙe tana tattaka ƙafa tana kaɗa kai, gida duk a yi ta dariya. Ni nakan juya baya in yi tawa dariyar a madafa. Ta fara haɗa ’yan kalmomi, tana cewa “kaka”, tana cewa “ba ni”.

Wakilin masu jirgi a Sakkwato ya gaya wa Malam cewa mai shan nono a cinyar uwarsa yake tafiya. Maƙwabtanmu ma, Luba da mijinta, da jinjirinsu za su tafi. Magana ta zauna a haka har ta kai kunnen Goggo Hassi, ƙanwar mahaifin Malam, wadda ita ta raine shi. Ta shigo gidan ko zama ba ta yi ba.

“Mi nika ji? Jirgin bisa za ku sa ɗiyag ga?”

Malam ya durƙusa ya ce, “Goggo, masu jirgin sun ce ba komi.”

“Masu jirgi sun ce. Su sunka haihe ta? An ce ƙarad da shika yi, ko babba sai ya toshe kunne da auduga. Kunnen jinjiri hwa? Ku ɗauke ta lahiya lau ku maido muna kurma? Ba da raina ba.”

Aka aika Shagari wajen mahaifiyata, Inna, ita ma ta ce Goggo ta yi gaskiya. Aka yanke a yaye yarinya tun yanzu, a kai ta wurin Inna kamar yadda ake yi, nono ya samu ya ƙafe kafin tafiya. Na amince. In faɗi gaskiya ma, ni kaina tsoron jirgin nake ji. Babu wanda ya taɓa ganinsa a cikinmu sai can ƙololuwar sama, ɗan mitsitsi. Mota kuwa mun san ta, kullum tana wuce ƙofar gidanmu.

Bayan ƙaramar salla ne, bazara ta tsananta. Muka tari wata babbar mota mai bodin katako da ta ɗauko buhunan albasa za ta Jega, ni da Goggo da yarinya a bayana. Gaban mota na maza ne masu hali, mata a bisa kaya muke zama. Goggo ta zaɓa mini wuri a gefe, ta ce in jingina da katako, nan ne ba a zamewa. Na ƙara tamke goyo da majanyi na zauna. Tsakanin bayana da katakon nan babu komai sai ita.

Hanyar ba kwalta, gargada ce tun daga Boɗinga. Mun yi nisa, mun kusa Shagari, sai ga jakai sun ɓullo daga gona. Direba ya kauce musu, ƙafar mota ta faɗa wani rami a bakin kwalbati. Aka watsa mu gaba, aka dawo da mu baya. Na koma da dukkan nauyina na daki katako, daidai inda kan wani ƙarfe ya fito. Na ji bugun a cikin ƙashin bayana. Ta tsala ƙara sau ɗaya, ta ɗan yi kuka, sai ta yi tsit. Mata suna ta salati suna tsince ƙorai da suka watse. Goggo ta leƙa bayana ta ce, “Ta yi kwana abinta.” Motar ma ba ta tsaya ba.

Da muka isa gida na kwance ta, na ga bayan kunnenta na hagu ya kumbura, da ɗan jini a ramin kunnen. Na matsa kusa da Inna na yi ƙasa da murya.

“Inna, kanta ya bugu ga mota.”

Inna ta shafa wurin ta ce, “Ɗan ƙulu na. Wane yaro na ba shi buguwa?”

Goggo ta ce, “Ku ji min marak kunya, tana lalaben ɗiyah hwari gaban mutane.” Matan gidan suka yi dariya, ni ma na sunkuyar da kai na koma gefe.

Aka ba ta rubutun yaye da kunu, ta amayar. Aka ce ai yaye ya gaji haka. Ta koma barci, aka ce an yi sa’a, ba mai rigima ba ce. Washegari da safe na shafa maɗaci a nono don ko ta farka, amma ba ta farka ba. Al’adar ita ce uwa ta ɓace kada yaro ya gan ta har ya manta da nono. Na tsaya a bakin ƙofa na dube ta, tana kwance a kan tabarmar Inna, bakinta a ɗan buɗe. Muka koma Boɗinga.

Makon farko ina gida, ƙirji ya cika ya yi tauri, ina ɗinkin kayan tafiya. Wata mai sayar da daddawa da ke cin kasuwannin biyu ita ke kawo mini labari. Ta ce yarinya lafiya lau, ko kuka ba ta yi, barci kawai. Abinci ne ba ta so, in ta ci sai ta mayar, amma Inna ta ce ƙulafucin nono ne, zai wuce. Ta ce kuma kunnen nan yana zubar da ruwa, fari tas kamar na randa, har yana jiƙa zane. Inna ta narka man shanu ta ɗiga mata. Da bai tsaya ba wata maƙwabciya ta ce ruwan albasa ne maganin ciwon kunne, aka matse aka ɗiga. Albasa dai ba a rasa ta ba, buhu guda Malam ya aika wa Inna na godiya.

Duk abin da bugun nan ya jawo, yaye ya rufe shi. Yaron da aka yaye yakan ƙi abinci, yakan yi amai, yakan yi lamo. Babu wanda ya ga abin mamaki. Ni da na ji bugun a jikina ba a yarda in je ba, kuma ban roƙa ba, don ban san da wane baki zan roƙa ba.

A mako na biyu sai ga yayana Ummaru a kan keke, da rana tsaka, gumi ya jiƙe masa riga. Bai ko sha ruwa ba ya ce, “Inna ta ce ki taho.” In kakar yaro ta karya dokar yaye da kanta ta kira uwa, ba sai an yi bayani ba.

Na same ta a ɗakin Inna an rufe ƙofa, don ba ta son haske. Jikinta kamar garwashi. Wuyanta ya sanƙare, kai ya koma baya, in aka taɓa ta sai ta yi wani siririn kuka da ban taɓa ji daga bakinta ba. Ban yi kuka ba. Na zauna na zuba mata ido kamar ’yar wani ce aka ba ni tsaro. Tun daga ranar wani abu ya daskare a cikina, ina ji ina gani, amma ba abin da ke ratsa ni.

Masu shawara kuwa sun cika gida. Wannan ta ce iska ce, akwai wata tsamiya a bakin kwalbatin nan da ba a wuce ta da yaro da rana tsaka. Aka yi hayaƙi har ɗaki ya turnuƙe. Waccan ta ce a kira wanzami ya yi tsaga a ƙeya, Inna ta hana, Allah ya saka mata. Wata ta ce a mayar mata da nono, wata ta ce kul, nonon da ya kwana dafi ne. Da suka fita na ba ta a ɓoye, ta kasa kamawa. Malamin makarantar allon unguwarmu ya kawo rubutu, ya dube ta da kyau, ya ce, “A ba ta wanga, amma a kai ta ga masu allura. Kowane da nashi aiki.” Shi kaɗai ya faɗi haka, kuma sai da aka ƙara ɓata kwanaki ana jiran hayaƙi ya yi aiki kafin maigidana Malam ya zo ya ce a ɗauko ta.

Muka tsaya a ɗakin shan magani na Boɗinga. Malamin wurin ya sa hannu a ƙeyarta ya gwada lanƙwasa wuyan, duk jikin ya taso gaba ɗaya. Ya ce, “Wagga ta hi ƙarhina. Sanƙarau na. Ku wuce birni yau, kak ku kwana.” Ya daka wata farar ƙwaya ya ɗura mata, rabi ya zube.

Direban motar da muka samu zuwa Sakkwato ya ga halin da take ciki, ya sauko da wani ɗan kasuwa daga gaba ya ce in shiga. Ban san sunansa ba, har yau ina sa shi a addu’a. Na rungume ta a ƙirji, tafin hannuna a ƙarƙashin kanta, duk ramin da muka faɗa hannuna ne ke karɓa. Muna wuce Sifawa na lura cewa wannan ne karon farko da na rungume ta a gaban mutane. Ba wanda ya yi mini dariya.

A babban asibiti muka tarar da layi ya fito daga baranda ya zagaya gindin itatuwa. Lokacin zafi ne, masu sanƙarau sun yi yawa. Sai ka karɓi kati a wata taga, ka koma wani layin, mai tsaron ƙofa yana daka wa mutane tsawa kamar shi ya gina wurin. Tun hantsi muke tsaye har aka yi azahar, tana ta sanƙarewa a hannuna, wanda ke gabana ciwon ƙafa ya kawo shi amma ko waiwayowa bai yi ba. Sai wata nas ’yar kudu ta zo wucewa da tire a hannu, ta kalli wuyan yarinyar, ta ajiye tiren a ƙasa. Hausarta a karye take. Ta ce, “Kai, zo, kawo yaro.” Ta ja ni ta gaban kowa, masu layi suna gunaguni.

Likitan Bature ne, zafi ya mai da fuskarsa ja. Aka naɗe ta kamar tabarma aka soka mata doguwar allura a gadon baya, aka ɗebo ruwa a ’yar kwalba. Ya ɗaga ta wajen taga, ruwan ya yi gurɓi-gurɓi kamar ruwan da aka wanke gero. Sai ya juya kanta, ya ga kunnen hagu da baƙin tabon da ke bayansa. Ya yi magana, mai yi masa tafinta ya juyo gare ni.

“Likita ya ce, ta hwaɗi?”

Na ba shi labarin mota.

“Ruwa ya hita ga kunnen?”

Na ce ya fita.

“Mi anka ɗiga ciki?”

Na ce man shanu da ruwan albasa. Baturen ya ɗan daɗe yana kallon yarinyar. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi, wataƙila da na ji wani abu. Abin da ya faɗa ta bakin tafinta shi ne ya zauna mini har yau: “Ƙashin bayan kunne ya tsage. Ruwan da kunka gani ba na ciwon kunne ba na, ruwan da ƙwaƙwalwa ka kwance ciki na. Inda ruwa yah hito, nan cuta tas shiga.” Ya ƙara da cewa ko ba a ɗiga komai ba cutar tana iya shiga, amma da an kawo ta tun ranar bugun da an tare ƙofar. Na ce to.

Mako na uku allura ce ba dare ba rana. Fenisilin suke ce mata. Cinyoyinta suka yi tauri har aka rasa wurin sokawa. Takan yi fizge-fizge, idanu su juye, nas ɗin nan ta zo da gudu ta juya ta gefe, ni kuwa ina riƙe da ƙafafunta ina kallon bango. Akwai wata tsaga a bangon da ta yi kama da reshe, na san ta fiye da fuskar kowa a ɗakin. Ina wanke zannuwa, ina shanyawa, ina kwashewa. In aka ba ni abinci in ci, in ba a ba ni ba ba na nema. Mutane suna cewa Balki akwai tawakkali. Ba tawakkali ba ne, ban ji komai ba ne kawai.

A gadon da ke kusa da namu akwai wata mata ’yar Mandera, Kulu, da ɗanta mai irin cutar. Ita ta koya mini yadda ake jiƙa tsumma a ɗiga ruwa a gefen baki, ita ke dama fura ta raba biyu. Nata bai tashi ba. Da za ta tafi ta naɗe tabarmarta, sai ta fasa, ta shimfiɗa mini ita tare da butarta. Ta ce, “Ke kina da sauran zama. Allah shi tashi taki.” Ban sake ganinta ba.

Maganin kansa bai ci mu da yawa ba, zaman ne ya ci mu. Abinci, itace, masaukin Malam a cikin gari, kuɗin motar ’yan dubiya waɗanda za su zo hannu rabbana kuma a sallame su. Tunkiyata ta tafi, tasoshin aurena suka bi ta. Wasu ’yan dubiyar ma ba don yarinya suke zuwa ba, don su ga birni ne. Wata ta tsaya a kanmu tana cewa ai da ma an ce kada a kawo ta wurin Nasara, ga shi sun huda mata baya. Na ci gaba da matse tsummana.

Goggo Hassi kuwa, in ban faɗi alherinta ba na yi zalunci. Ta tare a Sakkwato wurin wata ƙawarta, kullum tana tafe da tuwo a akushi, da tsufanta, a ƙafa. Ita ke karɓata in runtsa. Takan cusa laya a ƙarƙashin matashi, nas ta cire, ta mayar, har nas ta gaji ta ƙyale ta. Maganar mota ko ta jirgi ba ta taɓa fitowa daga bakinta ba, ni ma ban tayar ba.

Ana cikin haka lokacin tashin alhazai ya yi. Maza ba sa shiga ɗakinmu sai an buga ƙararrawa, don haka ta taga Malam ya kira ni. Ya rame, rawaninsa ya yi datti. Ya ce, “Na hwasa. Na gaya ma wakili shi ba wasu kujerun.” Na ce to, Allah ya sa haka ya fi alheri. Abin da aka mayar masa bai kai abin da ya biya ba, bai kuma taɓa yi mini zancen ba. Luba da mijinta suka biyo ta asibiti yin sallama a kan hanyarsu ta zuwa Kano. Jinjirinta na saɓe a kafaɗa yana tsotsar hannu. Goggo ta bi shi da kallo ta girgiza kai, ta ce a hankali, “Allah dai shi tsare kunnen yaron ga.”

Wajen mako na biyar zazzaɓi ya sauka. Wata safiya ina matse tsumma sai na ga idanunta a kaina, suna bina duk inda na yi. Na kai mata koko a ludayi, ta haɗiya. Nas ɗin nan ta taka rawa a tsakiyar ɗaki, Goggo ta yi sujada a kan siminti. Na gode wa Allah, na gode wa Baturen nan da nas ɗin da ban iya faɗin sunanta daidai ba. Sun karɓo mini ita daga bakin kabari, wannan ba zan taɓa musantawa ba. Amma ko a ranar murnar tawa ba ta fito ba, tana can ƙasa an danne ta.

Ranar sallama likita ya zagaya bayan gadon ya tafa hannu, ya sake tafawa ta ɗaya gefen. Yarinya tana wasa da bakin zanena. Tafinta ya ce, “Likita ya ce cutag ga takan tahi da ji. Wani lokaci shina dawowa, wani lokaci ba shi dawowa. Ku duba in ta yi ƙarhi.” Goggo ta ce, “Gajiya ta, wa ka jin tahi bayan wagga wahala?” Muka hau mota, a gaba, tana ƙirjina. Har muka isa Boɗinga ba wanda ya ta da maganar.

A gida sai da ta sake koyon zama, ta sake koyon tafiya, tana tangaɗi tana dafa bango. “Kaka” da “ba ni” ba su dawo ba. In tana son abu sai ta nuna da hannu ta yi wani gurnani. Kowa a gidan ya koyi zuwa mata ta gaba, ba wanda ke kiranta daga baya. Ba shawara muka yi ba, haka kawai kowa ya kama yi, don kada a gwada a gani.

Ta rayu, kada in bar ku cikin zulumi. Ta girma, ta iya saƙar faifai da ba mai kama ta a unguwarmu, ta yi aure, ’ya’yanta ne ke ɗawainiya da ni yanzu. Ni ma daga baya Allah ya kira ni, na hau jirgin nan da ƙafata. Na ga jarirai a cinyar iyayensu an ɗaura musu ɗamara, ma’aikaciya tana bi tana dubawa ɗaya bayan ɗaya. A motar albasa ba wanda ya duba. Ban ce jirgi ba ya faɗuwa ba, rai duk na Allah ne. Abin da na sani shi ne mun ji tsoron abin da ba mu sani ba, wanda muka saba da shi kuwa ko addu’ar kirki ba mu yi ba da za mu hau. Don haka nake cewa a kwance goyo a mota. In kan yaro ya bugu ya yi shiru, shirun ba sauƙi ba ne. In ruwa ya fito ta kunne kada a ɗiga komai, a nufi asibiti. Kuma in ɗan fari ne, uwa ta ajiye kunya ta buɗe baki, a yi mata dariyar.

Saura in faɗi ranar da na tabbatar.

Damina ta kankama, gero ya kai gwiwa, alhazai suka dawo. Da yake katangarmu ɗaya da su Luba, a tsakar gidanmu aka kafa turame don abincin ’yan barka. Hajiya Luba ta shigo da ɗanta, ya yi ɓulɓul, ta zauna kusa da Goggo. Goggo ta kasa haƙuri ta tambaye ta, “Yaya yaron ga yay yi da ƙaraj jirgi?”

Luba ta ce, “Da za mu tashi ya yi kuka, sai wata ma’aikaciya tac ce in ba shi nono. Ina ba shi yay yi kwana. Wallahi Goggo, wahalad da munka sha ga mota daga nan zuwa Kano ta hi ta jirgin duka.” Yaron ya rarrafa ya nufi murhu, ta kira sunansa, ya juyo yana dariya.

Goggo ta kau da ido daga kan yaron.

Sai matan suka fara lugude, taɓarya uku a turmi ɗaya, har ƙasa na amsawa. Tawa tana zaune a kan tabarmar Kulu, ta ba turmin baya, bai fi taku kaɗan tsakaninsu ba. Tana jera ɓawon albasa a kan cinyarta. Na tsaya da ƙwarya a hannu ina jiran ƙafar nan ta motsa, ina jiran kan nan ya kaɗa. Ta ɗauki wani ɓawon ta ɗora a kan na farko.

Na ajiye ƙwaryar. Na je na tsaya a bayanta, a gaban Goggo, a gaban matan unguwa duka, na buɗe baki.

“Safiya.”

Na ƙara, da ƙarfi. “Safiya!”

Matan suka tsayar da daka. Goggo ba ta ce mini marar kunya ba, ta ja mayafi ta rufe fuskarta. Safiya ta ci gaba da jera ɓawonta.

Tunda na haife ta, ran nan na fara kiran sunanta. Yau tana da furfura, kuma ba ta taɓa jin sa daga bakina ba.